Yadda muke tsallakar da ƙananan itatuwa dari da rani

An ɗaure dammuna, hatsi ya shiga rumbu, iska ta fara juyawa, leɓe ya fara tsagewa. Duk wadda ta dasa icce da daminar bana ta san yanzu ne hankalinta zai fara tashi. Dasa icce da damina ba wani aiki ba ne, ko yaro ya tona rami ya sa iri, Allah zai shayar masa. Wuyar tana tsakanin Oktoba da Yuni, wajen wata takwas babu ruwan sama, ga sanyi da ƙura a farko, ga zafin bazara a ƙarshe, ga awaki a tsakani. Shekara uku ke nan ƙungiyarmu na fama da wannan, shi ya sa muka ce bari mu rubuto abin da muka gani, ko wata za ta amfana.

Mu 27 ne a asusunmu. Muna haɗuwa duk Alhamis bayan la'asar, zubinmu dala 20. Kamar kowace ƙungiya ta Mata Masu Dubara tun da CARE ta kawo tsarin nan jihar Maraɗi a 1991, bashin da muke ɗauka yawanci na sana'ar da kuɗinta ke dawowa da wuri ne: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ƙosai, fura, ɗan kiwon akuya. Maganar zogale ta taso ne saboda tsadarsa. Da damina ganye ko'ina, har kyauta ake ba ka. Da rani kuwa, balle azumi ya kama, ɗan kashin da bai isa kwaɗon mutum biyu ba sai ki ji kuɗinsa ki riƙe baki. Mutanen Jiratawa da ke da ruwan ban-ruwa su ke cika kasuwar Maraɗi da buhunan tamakka, mu kuma muna saye hannu na uku. Sai muka ce, tunda kowace mace na da ɗan lungu a gidanta inda ruwan alwala ke zuba, me zai hana kowa ta sa gindi biyar zuwa goma? Mu 11 muka ɗauki bashi, muka sayi iri da karan darni, muka shuka da ruwan Yuli. Kafin kaka wasu sun wuce tsayin mutum.

Da dari ya kankama, ganyen ya fara komawa rawaya yana zuba. Cikin sati uku itatuwan suka zama sanduna tsaye. Ranar taro magana ta yi zafi. Wata ƙanwarmu ta ce, “Ni dai nawa sun mutu, gara in cire in samu wurin ɗaure tunkiya.” Wata ta ce ƙishirwa ce, ita daga gobe bido guda za ta riƙa zuba wa kowane gindi safe da yamma. Inna, wadda ta girme mu duka, ta bari aka gama, sannan ta ce, “Ƴaƴana, kukar bakin kasuwa da kunka gani tsirara yanzu, wa ya taɓa kai mata gatari don ta zubar da ganye? Ku tashi mu je mu gani.” Ta kai mu gindin ɗaya, ta sa farce ta ɗan kankare ɓawon. Ƙarƙashinsa kore shar, da danshi. Ta lanƙwasa ɗan reshe, ya lanƙwasu bai karye ba. Ta ce wanda ya mutu, in an kankare za a ga launin ƙasa a bushe, reshensa kuma ƙaras zai karye. Muka bi gida-gida muna gwadawa. Cikin dukan abin da muka shuka, ƴan ƙalilan ne suka mutu, su ma gara ce ta ci su ta ƙasa.

Daga baya malamin gona ya ƙara mana bayani. Ganye shi ne ƙofar da ruwa ke fita daga jikin icce. In iskar hunturu ta taso, busasshiya ce, tana zuƙe ruwa ta ganye fiye da yadda saiwa za ta iya mayarwa. Ga dare na yin sanyi, a Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15, girman icce ya ja baya. Don haka icce mai dabara sai ya rufe ƙofa, ya zubar da ganyen, ya zauna da abin da ya tara. Haka kuka ke yi, haka ɗanya, haka dashi da aguwar da muke shinge da su. Shi zogale saiwarsa kumbura take kamar rogo, a nan yake ajiyarsa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gawo ne kaɗai ya saba wa jama'a, shi da damina yake tuɓe ganye, da rani ya yi kore, shi ya sa hatsi ke kyau a ƙarƙashinsa.

Akwai wani icce da ya ƙara koya mana wannan karatu, ko da yake ba a cinsa. Ɗaya daga cikinmu ta je ganin ɗiyarta da ke aure a Yamai, ta dawo da wani guntun reshe mai kauri a ƙunshe cikin zane. Irin furen nan ne da ake gani a farfajiyar ofisoshi da manyan gidaje, fari mai rawaya a tsakiya, wanda ƙamshinsa ke ƙaruwa da dare. Da Faransanci firanjifaniye ake ce masa, mu dai furen Yamai muke kiransa. Asalinsa daga Meziko da tsakiyar nahiyar Amurka da tsibiran Karebiyan yake. Dangin tumfafiya ne da kariya, in an karya shi farin nono yake fitarwa, kuma nonon na ƙona ido da fata, sai a kiyaye yara. Abin da ya ba mu mamaki shi ne yadda ake dasa shi. Ba a sa reshen a ƙasa yana ɗanye. Ajiye shi ake a inuwa sati guda ko biyu har bakin yankan ya bushe, sannan a kafa shi cikin rairayi a ba shi ruwa kaɗan. Duk wadda ta taɓa kafa shingen aguwa a ƙarshen rani ta san wannan dabara, iri ɗaya ce.

Furen ya kama, ya yi manyan ganye da damina. Da dari ya zo ya zubar da su kaf, ya tsaya kamar ƙahon barewa. Mai shi ta kira ɗiyarta a waya tana jimami, ɗiyar ta ce, “Inna, kar ki ba shi ruwa da yawa, barci yake. Ruwan ne zai kashe shi.” Iccen da ba shi da ganye ba ya iya shan abin da aka zuba masa, ruwan sai ya kwanta a gindi cikin sanyi, saiwa ta ruɓe, jikin ya yi laushi daga ƙasa. A ƙasashen Turai irin su Faransa da Jamus, da jihohin Amurka masu sanyi, inda ruwa ke daskarewa, masu son furen nan a tukunya suke renonsa. Kafin sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 sai su shigar da shi ɗaki, su kusan daina ba shi ruwa har watanni, yana nan sanda tsirara, sai ɗumi ya dawo su fitar da shi. Wasu har tumɓuke shi suke, su karkaɗe ƙasar, su ajiye shi haka nan. Mu nan Allah ya hutar da mu wannan wahala, sanyinmu bai kai ya kashe shi ba. Namu a ƙasa ya kwana, ana ɗan jiƙa gindinsa jefi-jefi, da zafi ya fara sai ga tsiro a kan kowane reshe, fure ya biyo baya. Yanzu gida shida ke da shi, duk daga wannan reshe guda.

To amma kar wata ta ji wannan ta ce kowane icce haka yake. Furen Yamai da aguwa da kariya ruwa ne cike da jikinsu, su ƙishirwa ba ta dame su ba. Zogale a tsakiya yake. In an bar shi ba ruwa, babba zai rayu amma ba zai ba da ganye ba, ɗan shekara ɗaya kuwa yana iya tafiya da bazara. Mangwaro da lemun tsami da gwaiba ba sa zubar da ganye gaba ɗaya, su in suka tuɓe to akwai matsala, kuma ba sa haƙuri da rashin ruwa suna ƙanana. Kowane icce da halinsa, kamar ƴaƴan ɗaki guda.

Ga yadda muke yi wa zogale yanzu. Tun kafin ganye ya fara rawaya, wajen ƙarshen kaka, muke tsinke shi gaba ɗaya mu shanya a inuwa, cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfa. Rana na cinye amfaninsa, ta kuma kashe masa launi. In ya bushe mu zuba a buhu mai tsabta mu rataye. Abin da iska za ta kwashe a banza ya zama abincin yara da na masu jego, ya zama kuɗi a watan tsada. Bayan nan sai mu datse iccen daidai ƙugu da wuƙa mai kaifi, yankan a karkace. Da farko hannu ba ya son yi, ka reni abu ya yi tsawo ka sare shi. Amma zogalen da ba a datsa ba tafiya sama kawai yake, siriri, iska ta karya shi, ganyensa kuma sai an nemi tsani. Wanda aka datsa rassa da yawa yake fitarwa a inda hannu ke kai.

Sai batun ruwa, wanda shi ne babban ciwon kai. Rijiyoyinmu na tudu zurfi gare su, a fanfo kuma bido dala 5 ne a garinmu. Babu macen da za ta sayi ruwan icce kullum ta bar na tukunya. Abin da ke ceton mu shi ne ruwan da an riga an yi amfani da shi: na alwala, na ɗaurayar kwanuka in babu omo da yawa, na wankin ganye, da ƙasari in awaki sun rage. Ruwan wanki mai kumfa ba ma zuba shi a gindin icce, yana ɓata ƙasa. Wasunmu sun binne tsohon tulu mai tsaga kusa da gindi, bakinsa a waje a rufe da sakaina. A cika shi, ruwan ya riƙa tsattsafowa wajen saiwa sannu a hankali, rana ba ta sha ba, kaji ba su sha ba. Wadda ba ta da tulu takan huda gorar roba da allura ta binne. Cikin dari sau ɗaya ko biyu a sati ya isa, kuma kafin a ƙara sai a tura yatsa cikin ƙasa, in da danshi a bari. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma sabon ganye ya fito, sai a ƙara, a riƙa bayarwa da yamma.

Muna kuma rufe gindin da ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa don danshi ya daɗe. A nan sai an yi hattara, domin abin da ke riƙe danshi shi ke kiran gara. Muna barin tazarar tafin hannu tsakanin ƙaiƙayin da jikin iccen, mu barbaɗa toka a zagaye, mu riƙa leƙawa. In sabon ganye ya fito kuma akwai ƴar tsutsar nan da ke saƙa kamar gizo tana cinye shi har ya zama raga. Muna daka ƴaƴan bedi mu jiƙa su kwana, mu tace mu yayyafa da yamma, mu bari kwanaki su wuce kafin a tsinka, a kuma wanke sosai. Maganin fesa auduga ko wake da ake sayarwa a kasuwa ba ma kusantar da shi ga ganyen da yara za su ci.

Duk wannan aiki akuya guda na iya rushe shi kafin a sallame sallar azahar. Da hukuma ta ba da ranar sakin gonaki, dabbobi na yawo ko'ina, ciyawa ta ƙare, ɓawon zogale kuma laushi gare shi. Akuya ba ganye kaɗai take ci ba, ɓare jikin take ta zagaye shi, in ta zagaye kuwa saman ya tafi. Darnin kara shi kaɗai ba ya tsare ta, don shi ma abinci ne. Sai an haɗa da ƙayar magarya ko ta aduwa, ko a zagaye da tubalin ƙasa mai ƴan tagogi. Darnin na da wani amfanin, yana tare iskar gabas. Galibin awakin da suka yi mana ɓarna namu ne na cikin gida, waɗanda muka saya da bashin asusu. Don haka muka sa doka a tsakaninmu: wadda dabbarta ta ci iccen ƴar uwarta za ta zuba tara a akwati, ta kuma taya ta gyaran shinge.

Ko wanda akuya ta cinye har ƙasa ba ma saurin fid da rai da shi, kuma wannan darasi ba daga nesa muka ɗauko shi ba. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda ƙasar nan ta zama fili fetal bayan farin 1973 da yunwar 1984, iska na binne shuka, mace ta yini neman iccen wuta ta dawo da kara da kashin shanu. An dasa itatuwa da yawa a lokacin, akasari suka mutu. A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirrai da ake sassabewa kowace shekara a gonaki kututturan manyan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan ƙasa da ƙarfinta. In aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka rage sauran, aka tsare su, sai su zama icce cikin ƴan shekaru, ba a sayi iri ba, ba a ɗebo ruwa ba. Manoma suka karɓi abin suka yaɗa shi. A nan Agiye, garin Ɗan Saga ya yi suna a kai har baƙi na zuwa gani daga ƙasashe, kuma kwamitin da ke tsaron itatuwansu har da mata a ciki. Masu bincike sun kiyasta cewa a Nijar an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan eka ta zamani, wato hekta, miliyan 5. Kalgo da sabara da gawon da muke gani yau a gonakin mazanmu daga nan suka fito. Wadda ta tashi tana ganin wannan ba za ta tumɓuke icce don samansa ya bushe ba.

Sauran maganar ta kuɗi ce, kuma ita ce ta fi ɗaukar mana lokaci. Bashin asusu ɗan gajere ne, an gina shi ne a kan mai ƙosai da ke juya kuɗinta kullum. Icce ba ya juya kuɗi haka. Waɗanda suka ɗauki bashin zogale da damina, lokacin biya ya same su itatuwan na tsirara. Masu wata sana'a suka biya daga can. Amma akwai wata yayarmu, mijinta ya rasu, marayu huɗu a gabanta, ita ba ta da wani can. Sati uku ba ta zo taro ba don kunya. Doka ta ce a ci ta tara, in abin ya daɗe a cire kuɗin daga rabonta. Masu cewa a bi doka ba mugunta ce ta sa su ba. Kuɗin akwati na kowa ne, wata na jiran layinta ta ɗauka, in aka sassauta wa ɗaya gobe kowa za ta kawo uzuri, kuma mun ga ƙungiyoyin da suka watse ta wannan hanya. Masu cewa a jira kuma suka ce matar nan ba cin kuɗin ta yi ba, ga su can a tsaye a bayan ɗakinta, lokacinsu ne bai yi ba.

Taro biyu muka yi a kai. Abin da muka tsayar shi ne a raba bashi gida biyu. Na sana'a yana nan yadda yake, ba a taɓa shi ba. Na icce kuma aka yi masa ƙa'idarsa: ba ya wuce wani ɗan kaso na abin da ke akwati, ana ba da shi ne da farkon damina kawai, ana biyansa kashi biyu, rabi bayan an sayar da busasshen ganyen kaka, rabi bayan tsinkar farko ta bazara. Mata biyu kuma za su riƙa zagayawa duk wata su duba itatuwan, su faɗa wa taro abin da suka gani. Shugaba da ma'ajiya suka je gidan yayar tamu suka ce, “Yaya, wurinki na nan, ki dawo.” Ta dawo, ta biya a lokacin da aka yanka mata. Bana ita ce ke sayar wa rabinmu iri.

Akwai wata tambaya da har yau ba mu gama da ita ba, muna so ku taya mu tunani. Iccen da mace ta reni da kuɗinta da ruwanta a gidan miji, na wane ne? Akuya in aure ya mutu ana ja ta a tafi da ita. Icce ba ya tafiya. Wata a cikinmu ta bar gindi tara a gidan da ta fita, tana ji ana tsinka. Wasunmu yanzu kafin su shuka sai sun yi magana da maigida a gaban dattijo guda, a amince cewa ganye da kuɗinsa nata ne. Wasu sun gwammace su shuka a gamanarsu ko a gidan iyayensu. Mun kuma fara zuwa wajen mai gari neman ɗan fili kusa da fanfo da sunan ƙungiya, a rubuta takarda, don ya zama abin da babu mai korar mu daga kansa. Maganar na hannunsa.

Ƴan uwa na bakin Gulbin Kaba da na Gulbin Maraɗi, ku da ruwa ke kusa da ku, mun san kuna da dabarun da ba mu da su. Ku rubuto ku faɗa mana yadda kuke tsallakar da lalle da mangwaro, da yadda kuka warware maganar fili in kun warware. Wadda ke son reshen furen Yamai kuma ta aiko a ƙarshen rani, lokacin ne ya fi kamawa, kyauta muke bayarwa. Allah ya raya mana abin da muka shuka, ya sa albarka a akwatunanmu, ya kai mu damina lafiya.